Akwatin da Aka Rubuta Tun Kafin Sakamako

Duk wanda ya tashi a Rano ya tafi makarantar kwana a cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya a ce akwatinsa bai bi ta hannun Malam Ɗalhatu ba. Rumfarsa tana bakin kasuwa, jingine da shagon Shitu mai akwatunan ƙarfe. Ka sayi akwati wajen Shitu, ka yi taku uku, ka dire a gaban Malam Ɗalhatu, ya rubuta wa yaronka suna da farin fenti. Yana rubutu a bokiti, da kwano, har da takalmin roba in uwa ta matsa masa. Amma akwati shi ne aikin da yake gyara zama kafin ya fara.

A Zinyau aka haife shi, gidan manoma. Tun a makarantar allo aka ga hannunsa ya fita daban, har malaminsu kan tura masa allunan ƙanana ya rubuta musu. Da ya gama firamare mahaifinsa ya ce boko ya isa haka. Wani direban babbar mota mai ɗaukar gyaɗa ne ya tafi da shi Kano, inda ya yi shekara huɗu wajen mai zanen jikin motoci, yana wanke buroshi yana zuba ido. Ya dawo Rano da ɗan akwatin katako, da gwangwanayen fenti shida, da taƙama guda: shi ba ya aiki da kwali. Kwalin nan shi ne wanda ake huda siffar harafi a jikinsa, a ɗora, a shafa fenti, a ɗage. Masu yin haka 'yan shafe yake kiran su.

"Wannan ai ko akuya ka ɗaura wa buroshi a bindi za ta yi," in ji shi.

Dokokinsa biyu ne, kuma kasuwa duk ta san su. Ta farko, sai yaron da za a rubuta wa ya zo da ƙafarsa ya faɗi sunansa da bakinsa, don ya ce suna ba kaya ba ne da za a aiko shi a takarda. Ta biyu, ba ya rubuta sunan makaranta sai an ajiye masa takardar shiga a gabansa. Ita wannan tana da dalili. Da daɗewa ya taɓa rubuta wa ɗan wani mutumin Rurum sunan makaranta tun sakamako bai fito ba, yaron kuma bai samu ba. Da idonsa ya ga uban ya lulluɓe akwatin da buhu yana ratsa kasuwa da shi kamar mai ɗauke da abin sata. Tun daga ranar ya rantse.

Shekara uku ke nan da idonsa ya fara yana. Abin ya zo a hankali, kamar ana kallon duniya ta cikin ledar da aka ƙulla mai a ciki. Mutum yana gane shi, hanya yana gane ta, amma gefen harafi ya daina tsayawa wuri guda. Wata rana wata mata daga Unguwar Gai ta ɗaga akwatin 'yarta ta karkata kai.

"Malam, sunan nan kamar zai gangara rafi."

"Akwatin ne a karkace, Hajiya. Aikin Zagezagi ke nan, ko murfin tukunya ba sa iya daidaitawa."

Shitu, wanda iyayensa daga Zariya suka zo, ya leƙo daga shagonsa da guduma a hannu. "Kai dai Bakano, in tuwo ya ƙone ma ni za ka ce na hura wutar."

Aka yi dariya, matar ta tafi. Malam Ɗalhatu bai yi dariya har ciki ba. Da la'asar ɗin ranar ya ce wa autarsa Hidaya ta riƙa biyowa ta rumfa in an tashi daga makaranta, wai zai koya mata sana'a, tun da yayyenta maza ɗaya ya zaɓi tuƙa a daidaita sahu a Kano, ɗaya ya koma gona a Zinyau. Koyarwar kuwa ita ce: ita za ta zana haruffan da alli, da kauri, fari fat a kan baƙin ƙarfe, shi kuma ya bi da buroshi yana gyara mata. Ba abin da yake gyarawa. Bi kawai yake yi. Duk akwatin da aka kawo da safe sai ya ce a dawo da yamma, ƙarfen bai huce ba. Dokar nan tasa ta yaro ya faɗi sunansa da baki, wadda da ladabi ce, yanzu ta zama rufin asiri, don ba sai ya karanta takardar kowa ba.

Hidaya ba ta taɓa tambayarsa ba. Yarinya ce mai shiru, mai dogon wuya irin na kakarta, in tana zane sai ta ciji leɓen ƙasa. Da ta kai aji uku na ƙaramar sakandare malamai suka sa sunanta cikin waɗanda za su zauna jarrabawar makarantun kimiyya na kwana. Ta zauna, ta dawo ta ce da sauƙi, sai dai lissafi ya cinye mata lokaci.

A nan ne Malam Ɗalhatu ya yi abin da ya ba kasuwa mamaki. Sati guda da jarrabawa ya shiga shagon Shitu ya zaɓi akwati mafi kauri, ya sa Hidaya ta zana sunanta da alli, sannan ya ce ta ƙara da sunan makarantar kimiyyar a ƙasa.

"Baba, ba a fito da sakamako ba fa."

"Zana. Ni na san abin da na haifa."

Ya kwashe yamma guda yana rubutun, har da ɗan fure a kowace kusurwa, abin da bai taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ya ɗora akwatin a kan benci a gaban rumfa inda duk mai wucewa zai gani.

Shitu ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu. "Yau kuma liman ne ya karya alwala a gaban sahu? Ina dokar taka?"

"Doka ta 'ya'yan mutane ce. Wannan tawa ce."

Kowa ya ce ƙauna ce ta rufe masa ido, kuma akwai ƙaunar. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da shi kansa bai yarda ya kalla ba. Tun ranar da aka sa sunan yarinyar a jarrabawar nan yake jin wani sanyi a ciki duk lokacin da ya tuna rumfa ba alli. Yana tsoron kada wani ya hango wannan a fuskarsa, yana tsoron kada ita ta hango. Sai ya yi abin da ba wanda zai ce uban da ya yi shi ba ya son 'yarsa ta tafi. Fure huɗu ya zana don ya toshe bakin zuciyarsa.

Ranar da aka liƙa sunaye a jikin allon makarantarsu tare suka je. Ya kutsa cikin iyaye ya tsaya gaban takardun yana bin su da yatsa kamar mai karatu, alhali layuka kawai yake gani kamar sawun tururuwa. Kunnensa yana wajen numfashin Hidaya. Ya ji ta bi takardun daga sama har ƙasa, ta koma ta sake bi. Can gefe ƙawarta Bushra ta yi ihu ta rungume uwarta.

"Baba," in ji Hidaya a hankali, "mu tafi."

Abin da ya ji a lokacin shi ne abin da bai yafe wa kansa ba har yau. Kafin tausayi ya zo, wani sauƙi ne ya fara sauka a ƙirjinsa, irin wanda mutum ke ji in ya dire buhu daga ka. Daƙiƙa ɗaya ce, sannan tausayin ya biyo baya da gaske, har ya kama hannunta a bainar jama'a kamar tana 'yar shekara biyar. Amma ya san wanne ya riga.

A gida Hidaya ta shige ɗaki. Uwarta Fulera tana tsakar gida tana matsar ƙuli, ta dubi fuskar mijinta ta gane. Ba ta tsayar da hannu ba.

"To, sai a je a sauke akwatin nan daga kan benci."

"Allah bai nufa ba, ke. Makarantar jeka-ka-dawo ma ai makaranta ce. Ga ta nan kusa, muna ganin ta tana ganin mu."

Fulera ta ɗago ta dube shi, kallon da ya fi na kullum tsawo. "Muna ganin ta, Malam?"

Ya nemi buta.

Bayan kwana huɗu Malama Suwaiba, wadda ke koyar da su Hidaya lissafi, ta yi sallama a gidan. Ta ce maki kaɗan ne ya raba yarinyar da shiga, kuma ƙofa ba ta gama rufewa ba. Akwai makarantar 'yan mata ta kwana can gaba da Kibiya, ba ta kimiyya zalla ba ce amma ana karatu, kuma duk shekara shugabarta takan karɓi 'yan baya don cike gadajen da suka rage. Ta riga ta cike takardar da hannunta, ta haɗa da hotuna da shaidar makaranta a cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Abin da ya rage uba ya kai da kansa, kafin Larabar sama.

"Kada a yi sanya, Baba. Masu nema da yawa."

"Haba, Malama. Gobe-goben nan."

Hidaya tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, idonta ya kumbura, amma a karon farko tun ranar sakamako ya ji ta yi dariya da Malamar ta tsokane ta.

Da safe ya fita da ambulan ɗin a aljihun gaba. Ya ce bari ya buɗe rumfa tukuna ya ga ko akwai aikin gaggawa. Akwai kuwa, don lokacin tafiyar 'yan makaranta ne, akwatuna har sun yi layi. Ya sa ambulan a ƙasan akwatin katako, ƙarƙashin gwangwanaye, wai kada fenti ya ɓata shi. Kashegari hadari ya haɗu ta gabas. Wanshekare kuma ranar kasuwa ce. Juma'a ai ba a samun kowa a ofis. Kowace rana da hujjarta, kuma kowace hujja gaskiya ce in ka ɗauke ta ita kaɗai.

Fulera takan tambaya in ya dawo. "An kai?"

"Ana ciki."

"Cikin me?"

"Ke dai ana ciki na ce. Harkar boko ba a yi mata garaje."

Sai dai wani abu ya fara ɗaure masa kai. Duk safiya in ya buɗe akwatin katako, ambulan ɗin a sama yake samun sa, a kwance a kan gwangwanaye. Ya mai da shi ƙasa. Gobe ya sake samun sa a sama. Mutum ɗaya ne ke wanke buroshi da yamma ya jera gwangwanaye ya rufe akwatin. Hidaya ce. Kwana da kwanaki suna wannan magana ba baki: shi ya tura ƙasa, ita ta ɗago sama.

Ranar Litinin aka kawo akwatin Bushra. Uwarta ta ajiye takardar shiga a kan benci da ƙarfi don kowa ya gani. Bushra ta faɗi sunanta kamar yadda doka ta ce, tana kauce wa idon ƙawarta. Hidaya ta durƙusa ta ɗauki alli. Ta zana sunan Bushra, ta zana sunan makarantar kimiyyar a ƙasa, harafi bayan harafi, irin wanda ke jikin nata akwatin da yanzu ke bayan rumfa fuskarsa na kallon bango. Ta hure garin allin, ta ce, "Baba, ga shi."

Ya bi da buroshi. Ya ji yadda layin ya miƙe sambal, ya fi na kullum kyau. Ya ce a ransa gobe zai tafi. Talata ta zo da akwatuna tara. Laraba ta zo, ya tashi da niyya, ya sa babbar riga, sai wani Alhaji ya tsaya da mota da kayan 'ya'yansa uku ya ce yau-yau yake so. La'asar ta yi, ta wuce. Da aka kira magariba ya ce wa kansa to, shi ke nan, an rufe, ba laifin kowa ba ne. Sauƙin nan da ya taɓa ji gaban allon sunaye ya jira ya sake zuwa. Bai zo ba.

Alhamis da safe ya buɗe akwatin katako. Ambulan yana sama kamar kullum, amma yau ba shi kaɗai ba ne. Hannunsa ya taɓa wani ƙunshi da aka ɗaure da tsumman atamfa. Ya kwance. Kwalaye ne, yankakku daidai da juna, an yanko su daga kwalin taliya. Ya sa yatsa a jikin na farko ya ji rami: ƙafafu biyu da suka haɗu a sama, da ɗan gada a tsakiya. Na biyu, ciki biyu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan lambobi. An yanke su da reza, gefen ya fita tsaf. A kusurwar sama ta dama ta kowane kwali an ɗan gutsure, don mai taɓawa ya san ina ne sama ko bai gani ba. A ƙasan ƙunshin akwai siririn katako mai tsagi, inda za a jera kwalayen su tsaya a layi.

Ya daɗe a zaune. Don mai taɓawa ya san ina ne sama. Wato ba jiya ta sani ba. Ta san abin da allin nan yake yi tun ranar farko, ta san abin da ya riƙe ambulan, kuma a kwanakin nan da yake ƙirga hujjoji, ita tana zaune a wani lungu da reza tana yanka masa hanyar da zai iya sakin ta. Kuma ba ta ajiye masa ba sai da wa'adi ya wuce, don kada ya zama kamar ta tilasta shi. Ko kuwa ba ta gama yankawa ba ne sai jiya? Bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ya miƙe ya zura ambulan a aljihu. "Shitu! Duba min rumfa."

"Ina zuwa da fenti a gemu?"

"Kibiya."

Shitu ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Mota ya shiga zuwa Kibiya, daga nan ya hau ɗan acaɓa, suka bi ta tsakanin gonakin dawa da ta fara nauyin kai, da mata masu tsinkar gyaɗa a bakin hanya. A barandar makarantar akwatunan sababbin ɗalibai ne a jere, ana duba kaya. Ko da yanar idonsa ya gane nasa a ciki, don ba mai jan jelar harafi irin yadda yake ja. Ya ɗan ji ƙarfi. Ya yi fatan shugabar 'yar Rano ce, wata da ya taɓa rubuta wa akwati tana yarinya.

Ba 'yar Rano ba ce. Hajiya Halima Sadiya mutuniyar arewacin Kano ce, mai tabarau da gajeriyar magana, kuma sunansa bai ce mata komai ba. Ta buɗe ambulan ta duba takardun, ta dubi kwanan watan da Malama Suwaiba ta rubuta.

"Malam, jiya muka rufe. Takardar nan kuma kwananta goma da cikewa. Daga Rano zuwa nan tafiyar kwana goma ce?"

A hanya ya shirya amsoshi: rashin lafiya, ruwan sama, mantuwa irin ta tsufa. Ya buɗe baki zai zaɓi ɗaya, sai ta turo masa wata takarda da biro.

"Rubuta min lambar wayarka a layin nan, in ajiye. Ban yi alkawari ba."

Ya karɓi biro. Ya sunkuya. Farar takarda ce kawai a gabansa, ba layi, ba komai. Mutumin da ya shekara talatin yana rubuta sunayen 'ya'yan mutane ya tsaya da biro a sama.

"Hajiya," ya ce, "ban ga layin ba."

Ta cire tabarau.

"Shekara uku ke nan ban ga layi ba. Yarinyar nan ce idona a wajen sana'a, ba wanda ya sani. Takardar nan ba hanya ce ta riƙe ta ba, ba ruwan sama ba ne. Ni na riƙe ta. A ƙarƙashin gwangwanin fenti na sa ta, ina jira a rufe. In akwai hukunci, ni ya kamata ya hau. Ita tun ranar farko a shirye take."

Hajiya Halima Sadiya ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta kuma lallashe shi ba. Ta juya hoton Hidaya a hannu.

"Na ga iyayen da suka makara don talauci, na ga waɗanda suka makara don sakaci. Kai ne na farko da ya zo ya ce da gangan ya yi." Ta mai da tabarau. "Akwai yaran da aka ba gurbi ba su zo ba. Duk wadda ba ta iso ba zuwa gobe Juma'a, gadonta ya fita daga hannunta. Ka kawo min 'yarka Litinin da safe, zan ba ta jarrabawa da kaina. In ta ci kuma akwai gado, to. Ba don kai ba ne."

"Na sani, Hajiya."

"Faɗi lambar in rubuta. Kuma yanar ido ana cire ta, Malam. Kunya ce ba a cirewa a asibiti."

Da ya dawo gida Fulera tana tace mai. "An kai?"

"An kai. An makara, amma an kai."

"Sannu da kwana goma," ta ce, ta tura masa kwanon fura. Hidaya tana shara a bakin rijiya. Ya kira ta, ta zo ta durƙusa.

"Auta, rezar nan ba ta yanke ki ba?"

"Sau biyu kawai, Baba."

Ya kama yatsun ya shafa har ya ji inda suka warke. "Litinin akwai jarrabawa. Ki bar rumfa kwana ukun nan. Ki je wajen Malama Suwaiba ta ƙara miki lissafin nan."

Litinin tare suka tafi. Ya zauna a gindin darbejiya wajen awa uku, yana jin ƙararrawa tana kaɗawa ana shiga ana fita. Da ta fito bai iya karanta fuskarta ba sai da ta iso dab da shi.

"Gado ɗaya ne ya rage, Baba. Na sama, kusa da taga, wai yana ɗan yoyo. An ce in zo Asabar."

"Yoyo? Ai damina ta kusa ƙarewa."

Kashegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, ya sa aka fito da akwatin daga bayan rumfa aka ɗora a kan benci. Ya ajiye takardar shiga a gefe, kamar yadda doka ta ce. Ya shafe sunan makarantar kimiyyar da baƙin fenti, ya bar sunan Hidaya da furanninta. Da ya bushe, Hidaya ta ɗauko alli ta durƙusa.

"Ajiye," ya ce. "Miƙo min kwalayen."

Ya kafa siririn katakon, ya riƙa zaro kwali yana lalubar kusurwar da aka gutsure, yana jerawa. Hidaya tana faɗa masa harafin da ke biye. Shitu ya fito daga shago ya tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"La haula. Yau akuya ta samu buroshi."

"Ta samu. Idona ne ya tafi, Bazazzagi, in ba ka sani ba ka sani."

"In ban sani ba? Shekara uku ina ce wa mutane ƙarfe bai huce ba, su dawo da yamma. Ƙarfen da ya kwana a inuwa! Ka mai da ni mahaukaci a kasuwar nan." Ya jawo kujera ya zauna. "In yarinya ta tafi ni zan riƙa karanta maka takardun. Kuma asibitin nan da ƙafata zan kai ka, ko da ɗaure."

Malam Ɗalhatu bai ɗago ba, don ba ya so a ga idonsa a lokacin. Ya shafa fenti a kan kwalin ƙarshe ya ɗage. Hidaya ta ja baya ta duba.

"Baba, na ƙarshen ya ɗan hau sama."

"Sosai?"

"Kaɗan."

"Bar shi. A san ni na yi."

Asabar da safe aka ɗaure akwatin a saman motar Kibiya. Kafin kwandasta ya ja igiya, Malam Ɗalhatu ya miƙa hannu ya shafa gefen. A ƙarƙashin baƙin fentin har yanzu yatsa yana jin tudun tsohon rubutun, sabon kuma yana kansa, da harafinsa ɗaya da ya ɗan ɗaga kai. Hidaya ta leƙo ta taga ta zura masa wani abu a aljihun gaba. Sai da motar ta sha kwana ya taɓa ya ji guntun alli ne. Ya bar shi a nan, ya juya ya nufi rumfa, inda wata mata take jira da bokiti da 'yarta a gefe.

"Ke 'yan mata," ya ce yana kwance ƙunshin kwalaye, "faɗa min sunanki."